Sinadarin yurik asid: daga ƙwayar halitta zuwa ciwon gaɓɓai

Yawancin nau'o'in ƙwayoyin halitta a jikin ɗan Adam suna ɗauke da DNA da RNA, waɗanda aka gina da ƙananan tubala da masana ke kira niyukiliyotayid. Tubali guda ya ƙunshi sukari da fosfet da wani ginshiƙi mai sinadarin naitirojin. Biyu daga cikin ginshiƙan, wato adenin da guwanin, su ake kira fiyurin, kuma labarin ciwon gawut daga kansu yake farawa.

Jiki yana ƙera fiyurin da kansa, yana kuma samun wani daga abinci. Idan ƙwayoyin halitta suka tsufa suka mutu, akan ceto mafi yawan fiyurin ɗinsu a sake amfani da shi. Ragowar kuwa ana rushe shi ne, galibi a hanta, inda wani inzayim mai suna zantin oksides ke mayar da shi yurik asid. Yawancin dabbobi masu shayarwa suna da inzayim ɗin yurikes da ke ƙara narkar da wannan sinadari, amma ɗan Adam ba shi da shi. Saboda haka nauyin fitar da shi ya rataya a kan ƙoda, wadda ke zubar da kusan kashi biyu cikin uku ta fitsari, hanji kuma ya fitar da saura.

Matsala tana tasowa ne idan yawansa a jini ya haura kimanin miligiram 6.8 a kowace desilita. Daga nan yana iya daskarewa ya zama ƙananan duwatsu masu kama da allura a cikin gaɓa. Garkuwar jiki sai ta far musu, gaɓar ta kumbura, ta yi ja, ta ɗau zafi. Babban yatsan ƙafa ne ya fi shan wahala, kuma ciwon yakan taso cikin dare, har mai shi ya kasa jure taɓawar mayafi. Likitan Ingila Alfred Garrod ne ya nuna a 1848 cewa jinin masu gawut cike yake da yurik asid.

A nan gida, mutane da dama suna sanya shi cikin jerin sanyin ƙashi, su sayi maganin kashe zafi a kemis su ci gaba da harkokinsu. Wannan ganganci ne, domin raɗaɗin yakan lafa cikin mako ɗaya ko biyu amma duwatsun suna nan suna cin gaɓa, suna kuma iya haifar da tsakuwar ƙoda. Yawan shan irin waɗannan magunguna shi ma yana raunana ƙodar.

A mafi yawan masu ciwon, ƙoda ce ba ta fitar da sinadarin yadda ya kamata, kuma gado yana da hannu sosai. Abinci yana ƙara rura wutar: kayan ciki irin su hanta da ƙoda, jan nama, kifin sadin, giya da lemon kwalba mai yawan zaƙi. Haka ma wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari, da pyrazinamide da ake bai wa masu tarin fuka. Masu sikila su ma yurik asid yakan hau musu.

Maganin allopurinol, wanda ya fito daga binciken Gertrude Elion da George Hitchings, yana toshe zantin oksides ne. Su biyun sun sami kyautar Nobel a 1988. Likitoci kan nemi su saukar da sinadarin ƙasa da miligiram 6, kuma shan maganin na dogon lokaci ne ƙarƙashin kulawarsu.

Akwai cutar da ta fi gawut muni, ko da yake ba kasafai ake ganinta ba. A 1964 Michael Lesch da William Nyhan na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka bayyana ta. Yaran da ke ɗauke da ita, kusan dukkansu maza, ba su da inzayim ɗin HGPRT mai ceto fiyurin, don haka yurik asid yana yi musu ambaliya, ƙwaƙwalwa ta taɓu, su riƙa cizon leɓɓansu da yatsunsu. Allopurinol yana kare musu ƙoda, amma ba ya gyara abin da ya shafi ƙwaƙwalwa.