Yadda Manhajoji Suka Koyi Magana Ba Ɗan Aike

A shekarar 2000 ne Microsoft da IBM da wasu kamfanoni suka gabatar wa hukumar W3C tsarin SOAP, wato ƙa'idar da manhaja za ta bi ta nemi wata manhaja ta yi mata aiki ta intanet. Da XML ake rubuta saƙon, mai tsawo, mai ƙa'idoji barkatai. A 2001 aka ƙaro WSDL, takardar da ke fayyace ayyukan da sabar ke yi da irin bayanan da take karɓa.

Rubuta irin wannan saƙo da hannu akwai wahala, sai aka nemi sauƙi. Da Visual Studio .NET ya fito a 2002, mai rubuta manhaja adireshin WSDL kawai zai bayar, nan take a ƙera masa ɗan aike: tarin layukan da ba shi ya rubuta ba, su ne ke kai saƙo su kawo amsa. Masu Java ma suna da nasu a Apache Axis. Abin ya yi daɗi da farko. Amma da zarar masu sabar sun canza wani abu, sai an sake ƙera ɗan aiken. In kuma ya dawo da shirme, mai shi bai san inda zai duba ba. Saɓanin da ke tsakanin kayan kamfanoni ya kai har aka kafa ƙungiyar WS-I a 2002 don sasanta su.

Tun lokacin akwai masu taurin kai da suka ƙi ɗan aike. Sukan haɗa saƙon da kansu, su tura shi ta HTTP, su karanta amsar da idonsu, sau da yawa da shirin curl, wanda Daniel Stenberg ya fitar a 1998. Kundin digirin Roy Fielding na 2000, inda ya bayyana tsarin REST, ya ba su hujja. JSON kuma, wata hanyar rubuta saƙon maimakon XML, ya rage masa nauyi. A Disamban 2006 Google ya daina bayar da sabbin makullan bincikensa na SOAP.

Wannan guguwa ta iso gida Najeriya. NIBSS, mai haɗa bankuna, ya fara tura kuɗi nan take a 2011, Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin wakilan banki a 2013, Paystack kuma ya taso a Legas a 2015 da REST da JSON. A Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, inda reshen banki ke da nisa, mai POS ne banki. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tabbatar da haka. Kowace dannawar POS a Kwanar Ɗangora kira ce daga manhaja zuwa sabar, kuma inda sabis ke ɗaukewa, gajeren saƙo ya fi saurin isa.

Ɗan aike dai bai mutu ba. Google ya dawo da shi da gRPC a 2015. Sai dai ɗalibin da bai taɓa haɗa saƙon HTTP da hannunsa ba, ranar da kuɗin mutane suka maƙale, ba shi za a kira ba.