Sassaƙar Yashi: Sana'ar Da Aka Haramta Ta Zama Gasar Duniya

A shekarar 1897 wani mutum mai suna Philip McCord ya tara jiƙaƙƙen yashi a gaɓar tekun Atlantic City da ke Amurka, ya fitar da siffar wata mata da jaririnta waɗanda ruwa ya ci. Masu shan iska suka tsaya kallo, suna jefa masa kuɗi. Ganin akwai abinci a ciki, wasu suka bi sahunsa, har gaɓar ta cika da masu sassaƙa. A 1944 wata mummunar guguwa ta yi wa gaɓar kaca-kaca, hukumomin birnin kuma suka haramta sana'ar.

Sai a shekarun 1970 ta farfaɗo a Kalifoniya, inda Gerry Kirk da Todd Vander Pluym suka haɗa ƙungiyoyin magina masu yin manyan ayyuka. Dabarar ita ce a zuba yashi da ruwa cikin akwatin katako, a daddanne shi hawa-hawa kamar mai buga bulo, sannan a cire katakon a sassaƙo daga sama zuwa ƙasa. An fi son yashi mai kaifi, domin na bakin teku ruwa ya goge shi, ba ya kama juna sosai.

Daga nan gasa ta kankama. Garin Harrison Hot Springs na Kanada ya fara karɓar gasar duniya a 1989, Fotugal ta buɗe bikin sassaƙar yashi na FIESA a 2003. A Indiya ana taruwa kowane Disamba a gaɓar Chandrabhaga kusa da Konark, kuma gwamnatin ƙasar ta ba Sudarsan Pattnaik lambar girmamawa ta Padma Shri a 2014 saboda wannan aiki. A 2021 aka gina fadar yashi mai tsayin mita 21.16 a Blokhus ta Denmark, wadda ta shiga kundin Guinness.

Amma Tottori ta Japan ce ta fi ɗaukaka sana'ar. Ta fara baje kolin sassaƙar yashi a 2006, ta gina masa gida na dindindin a 2012. Kowace shekara ana gayyato gwanaye daga ƙasashe daban-daban, idan baje kolin ya ƙare a rushe komai, a sake amfani da yashin nan a shekara mai zuwa. Masu sassaƙar sun san ranar rushewa tun kafin su ɗauki cebur, amma hakan bai sa su rage ƙoƙari ba, kuma wannan juriyar ta cancanci girmamawa.