Yunwar Kakalaba da Rashin Wurin Kai Kuka

Daminar 1913 ba ta yi kyau ba a ƙasar Kano da Katsina, shi ne aka faɗa cikin yunwar nan da ake kira Kakalaba. Rumbuna suka ƙare, haraji kuwa bai tsaya ba. To, a wancan zamani talaka ba shi da wakilin da zai tashi a majalisa ya roƙa masa kuɗin hatsi. Kuɗi suna nan a baitulmali, amma ba a taɓa su sai da yardar Razdan. Majalisar da Gwamna Lugga ya kafa cikin 1914 shawara kaɗai take bayarwa, ta Ikko ta 1923 kuma dokarta ba ta hau kan Arewa ba. Wakilan Arewa ba su fara zama a Kaduna ba sai cikin 1947.