Daga yaron lokotoro zuwa ASB: tarihin takardar masu taimaka wa likita a Nijar



Da sakamakon BEPC ya fito, magana guda ce ke yawo a gidaje da yawa: a kai yarinya ko yaro lakwal ɗin kiwon lafiya. Wani uban zai saida gona, wata uwar za ta saida tumakinta, don dai a biya kuɗin shekara uku. Kafin a zuba wannan dukiya, ya kamata mu san daga ina takardar nan ta samo asali, da abin da take ba mai ita, da abin da take hana shi.

Tun kafin Nasara ya zo muna da masu kula da marar lafiya. Wanzami na ƙaho da kaciya da cire beli, maɗori na ɗora karaya, ungozoma na yanke cibi. Babu mai takarda a cikinsu. Shaidarsu gado ce da bakin mutanen gari: in hannunka na da kyau kowa ya sani, in ba shi da kyau ma kowa ya sani.

A 1905 Faransa ta kafa wani tsari na duba lafiyar ƴan ƙasa a yankunan Afirka ta Yamma da take mulka, wanda ake taƙaita sunansa da AMI. Likitocin Nasara kaɗan ne, galibinsu sojoji, ƙasa kuwa ga faɗi. Dole suka nemi mataimaka cikin ƴan ƙasa. Yaro zai fara da shara da ɗebo ruwa da tafinta tsakanin lokotoro da marar lafiya, daga nan a koya masa wankin miki da ɗaure gyambo, in ya yi wayo a ba shi allura. Haka anfirmiye na farko suka taso, a bakin aiki, ƙarƙashin idon mai gidansu. A 1918 aka buɗe makarantar likita a Dakar don horar da mataimakan likita da matan karɓar haifuwa, amma Dakar ta yi nisa, kuma ƴan Nijar da suka yi karatun da zai kai su can ba su da yawa. Daga baya Bobo Julaso ta zama cibiyar horar da anfirmiyen da ke bin ƙauyuka suna yaƙi da manyan cututtuka irin su ciwon barci, kuturta da sanƙarau. Tsofaffinmu na tuna ranar da ayarin masu lamba ke sauka a gari, mai gari ya sa a yi shela, kowa ya fito ya jeru. A ƙasar Hausa kuma, asibitin mishan na Galmi da aka buɗe a 1950, da gidan kutare na Danja kusa da Maraɗi, sun koyar da nasu ma'aikata a cikin gida.

Da muka samu ƴancin kai a 1960, likitoci ƴan ƙasa ba su fi a ƙidaya da yatsu ba. Anfirmiye ne ke riƙe da gidajen likita na karkara: shi ke duba mutum, shi ke rubuta magani, shi ke ɗinki, wata rana ma shi ke karɓar haifuwa. Gwamnati ta kafa makarantar anfirmiye a Yamai, wadda ta zama ENSP. Yau tana ɗauke da sunan Damure Zika, anfirmiyen nan ɗan bakin Kwara da duniya ta sani ta finafinan Jean Rouch, wanda kuma ya daɗe yana duba marasa lafiya a Lamorde har rasuwarsa a 2009. A tsakiyar shekarun 1970 aka buɗe ta biyu a Damagaram, da sunan ENICAS, inda ake fitar da ƙananan anfirmiye masu satifika da ma'aikatan jin daɗin jama'a. Ita ce yau ENSP ta Damagaram. A wancan zamani shiga sai da konkur, gwamnati ce ke ɗaukar nauyin ɗalibi, in ya gama kuma aiki na jiran sa. Shi ya sa har yanzu wasu iyaye ke ganin takardar lafiya da albashi abu guda ne.

Amma abin da ya fitar da sunan Nijar a duniya ta wannan fanni, a jahar Maraɗi aka yi shi, kuma mutanen da suka yi shi yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba. Cikin shekarun 1960, ma'aikatan lafiya da na animasiyo suka ga cewa gidan likita guda ba zai iya da ƙauyuka ɗari ba. Sai suka ce kowane gari ya zauna ya zaɓi mutumin da ya yarda da shi. A kai shi a koya masa na kwanaki kaɗan, kamar goma zuwa sha biyar, a dawo da shi da akwatin magani: nibakin don masassara, aspirin, jan magani na miki, maganin ɗigawa a ido, bandeji. Shi ne sakuris. Ita kuma ungozomar gari aka ƙara mata sani: wanke hannu da sabulu, yanke cibi da reza mai tsabta, ɗiga wa jariri magani a ido, da gane naƙudar da ta fi ƙarfinta don a ɗauki mace zuwa gidan likita tun da sauran lokaci. Ita ce matoron. Ba su da albashi. Manomi ne zai koma gonarsa, in an buga masa ƙofa ya buɗe akwati.

A 1975 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafi a kan ƙasashen da jama'a da kansu ke riƙe da lafiyarsu, aka ware babi guda a kan abin da ake yi a jahar Maraɗi, kusa da na Sin da Kuba da Tanzaniya. Shekara uku bayan haka, a 1978, aka yi babban taron Alma Ata da ya ce a kai kiwon lafiya na farko har ƙofar talaka. Abin da aka rubuta a can, ƙauyukanmu sun riga sun gwada shi. A mulkin Janar Seyni Kunce aka baza tsarin zuwa sauran jahohi.

To me ya kashe shi? Tsarin ya dogara ne ga anfirmiyen da zai hau mota ko babur ya zagayo, ya duba littafin sakuris, ya gyara masa kuskure, ya cika masa akwati. Da kuɗin iraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu, man zagaye ya yanke. Akwati ya ƙare babu mai cikawa. Wasu suka ajiye, wasu suka tafi cin rani, wasu kuma suka koma sayen magani a kasuwa suna yi wa mutane allurar da ba a taɓa koya musu ba. Darasin farko ke nan: horo na kwana goma na da amfani muddin akwai na sama da ke dubawa. In babu shi, ɗan sanin ya zama haɗari.

Wannan matsin ya taɓa manyan makarantu ma. Ɗaukar duk wanda ya gama karatu aikin gwamnati kai tsaye ya tsaya. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako cewa jama'a su riƙa sa hannu a kuɗin magani. An gwada hakan a Boboye da Illela a 1993, sefa ta faɗi a watan Janairun 1994, a 1995 kuma aka yi dokar biyan kuɗin jinya. Ma'aikata suka yi ƙaranci, marasa lafiya suka yi yawa. Wa ya cike giɓin? Ƴan shara, masu gadi, matan da ake kira fiy da sal, da ƴan sa kai da ke zuwa kullum ba albashi suna fatan wata rana a ɗauke su. Masu bincike, cikinsu har da Olivier de Sardan na cibiyar LASDEL da ke Yamai, sun rubuta wannan a wani littafi na 2003 a kan gidajen likita na manyan birane biyar na yankinmu: aiki na zamewa daga sama zuwa ƙasa, anfirmiye na yin aikin lokotoro, mai shara na yin aikin anfirmiye. Wasu daga cikinsu hannunsu ya ƙware ƙwarai, kowa ya shaida. Sai dai wanda ya koyi allura da ido bai san inda jijiya ta bi ba. Ku duba yaran da ke jan ƙafa a garuruwanmu: ba duka ne shan inna ba, akwai waɗanda allurar kinin ce aka soka musu a ɗuwawu ta taɓa babbar jijiya.

Sabon babi ya zo da shugaba Tanja Mamadu. Daga 2001, da kuɗin da aka samu na yafe bashi, shirinsa na musamman ya gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka, kaz da sante, har wajen dubu biyu cikin ƴan shekaru. Aka ɗebo samari da ƴan mata masu ɗan karatun boko, aka horar da su wata shida, aka ba su ɗaki da ɗan albashi. Bambancinsu da sakuris shi ne sun iya karatu da rubutu, kuma ana biyan su. Daga baya aka ƙara musu horo a kan cututtuka uku da suka fi kashe yara: masassarar cizon sauro, ciwon haƙarƙari da zawo. A 2006 aka ce jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar da awon ciki kyauta ne. A 2012 mujallar likitoci ta Lancet ta buga bincike da ya nuna mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara biyar a Nijar ta sauko daga 226 cikin dubu a 1998 zuwa 128 a 2009. Gidan sauro, rigakafi da yaƙi da tamowa duk suna da rabonsu a wannan nasara, amma hannun da ya kai su ƙauye sau da yawa na ɗan wata shidan nan ne.

Yau matakan a bayyane suke. Mai BEPC na yin shekara uku ya fito ASB, wato ma'aikacin lafiya na matakin farko, wanda ya gaji gurbin anfirmiye mai satifika na da. Mai bak na yin shekara uku ya fito da lisans, anfirmiye ko mai karɓar haifuwa. Makarantun kuɗi sun yawaita, kusan babu babban garin da ba ka ganin allonsu. Don kada kowace makaranta ta riƙa buga takardarta tana rabawa, hukuma ta sa jarrabawa guda ta ƙasa baki ɗaya, ɗan ENSP da ɗan makarantar kuɗi duk ita za su zauna. Hukumar lafiya ta Afirka ta Yamma, OOAS, ita ma ta yi aikin daidaita manhajojin karatu tsakanin ƙasashe.

Idan muka jera tarihin nan, za mu ga ƙasarmu ta yi ta jeka-ka-dawo tsakanin buƙatu biyu. Ana son ma'aikaci da sauri don ƙauye ba ya iya jira, ana kuma son wanda ya ƙware don rai ba a wasa da shi. Kwana goma, wata shida, shekara uku: kowane zamani da amsar da ya bayar. Matsalar yau ta sha bamban da ta jiya. Da can ba mu da masu takarda. Yanzu ga su nan birjik a birane suna aikin sa kai shekara da shekaru, alhali akwai kaz da sante a daji da ƙofarta ke rufe.

Saboda haka, iyaye, kafin ku biya ko dala, ku tambayi abu uku. Makarantar na da izinin gwamnati, kuma izinin ya shafi fannin da za a sa ɗanku? Ɗalibanta na zama jarrabawar ƙasa, kuma nawa suka ci bara? A wane gidan likita suke istaj, wa ke tsaye a kansu? Ajin da babu gadon marar lafiya a bayansa ba ya fitar da ma'aikaci. In kuma an ce muku wata uku ko shida an gama, a ba da takardar mataimakin likita, ku je ofishin lafiya na jaha ku tambaya ko hukuma ta san da ita. Masu tsallakawa Katsina ko Sakkwato karatu su ma su bincika tun kafin tafiya ko za a amince da takardarsu in sun dawo.

Ga hukuma kuma muna da roƙo. Matan nan da suka shekara goma, ashirin, suna wankin jini da juya marasa lafiya a ɗakunan haifuwa ba tare da takarda ba, a buɗe musu hanya: a gwada abin da suka iya, a cike musu abin da ya rage, a ba su shaida, a kuma shata musu iyakar da ba za su ƙetare ba. Hakan kariya ce gare su da mu baki ɗaya.

Dattawan da suka yi sakuris ko matoron, da waɗanda suka fito ENICAS, akwai sauransu a raye cikin garuruwanmu. Wanda ke da irinsu a gida ya zauna da su ya ji yadda aka yi, ya aiko mana, don labarin kada ya tafi da su. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.