Amsoshin Takardunku: Tarihin Musanyar Aksul a Tsofaffin Motocin Land Rover

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Agadas, wanda ke son sanin yadda aka fara ɗora wa tsohuwar Land Rover aksul ɗin wata, da ko akwai haɗari a ciki.

To malam, abin ya samo asali ne daga Ingila, inda kamfanin Rover ya fito da motar a 1948. Daga 1956 aka riƙa ƙera ta iri biyu, gajera mai inci 88 tsakanin tayoyin gaba da na baya, da doguwa mai inci 109. Matsalar da direbobi suka daɗe suna kuka da ita ita ce karyewar shaf, watau sandar ƙarfen da ke cikin aksul ɗin baya tana juya taya, musamman in an labta kaya aka shiga yashi ko taɓo.

Da aka fito da samfurin Series III a 1971, sai kamfanin ya koma sa wa doguwar wani ƙaƙƙarfan aksul mai suna Salisbury, wanda shaf ɗinsa ke da haƙora 24 maimakon 10. Nan fa kanikawa suka samu abin yi. Sukan ciro shi daga motar da ta mutu su ɗora wa tsohuwa, amma sai an rage tsawon farfela. In gajerar ce kuwa, har mazaunin sifirin sai an matsar.

Canji na biyu ya zo da Range Rover a 1970, da kuma One Ten a 1983. Aksul ɗinsu ya fi faɗi, kuma sifirin naɗaɗɗe yake zama a kai, ba mai falle-falle ba, saboda haka dole a yi walda.

Ga inda haɗarin yake, sai ka saurara da kyau. A yawancin tsofaffin, farfela kan juya sau 4.7 kafin taya ta zagaya sau ɗaya, a sababbin kuwa sau 3.54. In aka sa ɗaya a gaba ɗaya a baya, muddin tayoyin baya kaɗai ke ja, lafiya lau za ka gani. Ranar da ka sa giyar tayoyi huɗu a busasshiyar hanya, wani aksul zai riƙa rigan wani gudu, ƙarfe ya murɗe har wani abu ya karye, galibi a inda babu gareji.

Saboda haka kafin ka biya kuɗi, ka sa bakanike ya ƙirga juyin gaba da na baya a idonka, ya kuma duba birki. Da fatan ka gamsu, sai mun ji daga gare ka.