Tarihin Mashigin Watari da Nauyin da ke Kanmu

'Yan'uwa mazauna birni, musamman na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, da yawa daga cikin 'ya'yanmu sun tashi sun tarar da ruwan Watari a shimfiɗe, har suna zaton haka Allah Ya halicce shi. To, ba haka abin yake ba.

Tushen maganar yana komawa ga zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Shi ya ɗora jihar bisa turbar datse koguna domin noman rani da ruwan sha. Aka yi madatsar Bagauda, aka kammala ta Tiga a 1974, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasar Hausa. Bisa wannan turba aka datse Kogin Watari a ƙasar Bagwai, aka kammala aikin a 1980.

Ruwa ya zo da alheri. Manomin da a da yake tafiya cin rani ya zauna gida yana noman shinkafa da tumatir da albasa. Masunta suka kafa sansani, karfasa da tarwaɗa suka wadata a kasuwanninmu. Amma ruwan nan ya shanye gonaki da tsofaffin hanyoyin ƙafa, ya shiga tsakanin Badau da Bagwai. Daga nan kwale-kwale ya zama motar talaka, mashigi ya zama tasha: nan mara lafiya yake hawa, nan ɗalibi, nan 'yan rakiyar amarya.

Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin da ya taso daga Badau ɗauke da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi ya kife saboda lodi ya fi ƙarfinsa. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara. Allah Ya jiƙansu, Ya sa Aljanna ce makomarsu.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Saboda haka muna kira ga ƙungiyarmu ta ware wani kaso daga gudunmawar bana domin sayen rigunan kariya daga nutsewa, a kuma zauna da hakimi da dagatai da shugabannin 'yan fito a tsayar da adadin mutanen da kowane jirgi zai ɗauka, a hana fito bayan magariba. Mu da muke birni a mota muke zuwa gida, amma iyayenmu da jikokinsu ta mashigin nan suke bi.

Allah Ya tsare mana su, amin.