Tarihin Sanin Rikicewar Bugun Zuciya

Rikicewar bugun zuciya ita ce zuciya ta saki tsarin da ta saba bugawa a kai: ta yi gaggawa, ko ta yi nawa, ko ta riƙa tsallake wani bugun. Zuciyar baligi, idan yana hutawa, takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. An daɗe da sanin wannan larura, amma sai a ƙarshen ƙarni na 19 aka fara gano tushenta.

Likitocin da can ba su da wani abin awo sai yatsa. Herophilus na Iskandariya, wajen shekaru 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya auna bugun jijiya da agogon ruwa. Jalinusu ya yi rubuce-rubuce a kai, Ibn Sina kuma ya ware masa fasali mai tsawo a cikin Al-Ƙanun, wanda ya kammala a 1025, ya rarrabe bugu ta fuskar ƙarfi da sauri da daidaito. Wajen siffantawa ba a bar su a baya ba, dalili ne ya gagare su. Ko da William Harvey ya nuna a 1628 cewa zuciya ce ke tura jini ya zagaya jiki, ba wanda ya san abin da ke ba ta umarni. A Dublin, Robert Adams a 1827 da William Stokes a 1846 sun ba da labarin marasa lafiyar da ke yanke jiki su faɗi, bugunsu ya sauko wajen 30 a minti. Cutar ta ɗauki sunansu, magani kuwa babu.

Zuciya tana da lantarkin kanta, da hanyoyin da yake bi, kuma daga ƙarshen hanyar aka faro ganowa. Purkinje ya ga zaruruwan da ke cikin ɗakunan zuciya na ƙasa a 1839, Wilhelm His ya gano igiyar da ta haɗa ɗakunan sama da na ƙasa a 1893, Sunao Tawara, ɗan Japan da ke aiki a Jamus, ya gano mahaɗar da ke bisa igiyar a 1906. Sai a 1907 Arthur Keith da ɗalibinsa Martin Flack suka kai ga mafari: wani ɗan ƙulli a ɗakin sama na dama, wanda shi ne makaɗin da sauran zuciya ke bin kiɗansa.

Augustus Waller ne ya fara ɗaukar lantarkin zuciyar mutum a Landan a 1887, sai dai zanen bai fito sosai ba. Willem Einthoven na jami'ar Leiden a Holan shi ya mai da abin kayan aikin likita a farkon ƙarni na 20. Na'urarsa ta kai kilo 270, mutum biyar ke sarrafa ta, wanda ake aunawa kuma ya zauna ya tsoma hannuwa da ƙafa ɗaya cikin bokitan ruwan gishiri. Da yake ba ta ɗaukuwa, sai aka ja waya mai tsawon kilomita ɗaya da rabi daga asibiti zuwa ɗakin bincikensa. Haruffan P, Q, R, S, T da ya raɗa wa tudu da kwarin zanen su ne likitoci ke karantawa har gobe a takardar ECG. Ya samu kyautar Nobel a 1924. Da irin wannan na'ura Thomas Lewis ya tabbatar a 1909 cewa bugun nan marar kan gado da aka saba ji a wuyan hannu, ɗakunan sama ne ke karkarwa maimakon su matse.

Magani ya zo ta inda ba a zata ba. A 1914 Karel Wenckebach ya ba da labarin wani ɗan kasuwa da ya lura cewa kwinin da yake sha don zazzaɓin cizon sauro yana daidaita masa bugu; daga nan aka kai ga kwinidin a 1918. A 1947 Claude Beck ya farfaɗo da yaro ɗan shekara 14 a Cleveland ta hanyar jona wa zuciyarsa lantarki ana cikin tiyata. Ranar 8 ga Oktoba 1958, a Stockholm, likita Åke Senning ya dasa wa Arne Larsson na'urar tada bugu ta farko da aka taɓa dasawa a jikin mutum, ƙirar injiniya Rune Elmqvist. Awa uku ta yi ta mutu, aka sa wata. Larsson ya yi amfani da na'urori 26, ya rasu a 2001, bayan likitan da injiniyan duk sun riga shi.

Ba kowane ci gaba ne ya zama alheri ba. An yi shekaru ana ba waɗanda suka tsira daga ciwon zuciya mai tsanani magungunan da ke share ƙarin bugu daga takardar ECG, a ɗauka cewa an kare su. Binciken CAST a Amurka ya nuna a 1989 cewa masu shan encainide da flecainide sun fi waɗanda ba su sha ba mutuwa. Takarda ta yi kyau, mutane na tafiya.

Babban haɗarin karkarwar ɗakunan sama shi ne jini ya daskare a ciki, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa. Binciken Framingham ya nuna tana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar, shi ya sa ake ba da warfarin, wanda asalinsa maganin ɓera ne, don tsinka jini. A 1998 Michel Haïssaguerre na Bordeaux a Faransa ya gano cewa karkarwar kan taso ne daga bakin jijiyoyin da ke kawo jini daga huhu, ana kuma iya ƙona wurin ta siririn bututu.

A Afirka, ban da hawan jini, karkarwar kan biyo bayan lalacewar ƙofofin zuciya sakamakon ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi wa magani ba, don haka takan kama matasa. Binciken INVICTUS na 2022, a ƙasashe 24 har da na Afirka, ya nuna cewa ga irin waɗannan marasa lafiya tsohon warfarin da danginsa sun fi sabon maganin rivaroxaban rage mace-mace.